Kuloci da Bel a Babur ɗin Ƙanƙara: Yadda Suke Aiki da Yadda Ake Daidaita Su

A arewacin Kanada da Alaska, da yankin Lafland da ya ratsa Finlan da Suwidin da Norwe, da kuma faɗin Saiberiya, akan yi watanni da dama a shekara hanya tana binne a ƙarƙashin dusar ƙanƙara, kuma abin hawan da mafarautan Inuwit da makiyayan barewar arewa na ƙabilar Sami suke dogara da shi a wannan lokaci shi ne babur ɗin ƙanƙara. Ba shi da taya. A gaba yana da takalman sulɓi guda biyu da ake juya shi da su, a ƙarƙashinsa kuma akwai wata faffaɗar shimfiɗar roba mai haƙora wadda take zagayawa tana tura shi gaba. Joseph-Armand Bombardier ne ya fitar da samfurin Ski-Doo a garin Valcourt na lardin Kibek a 1959, kamfanonin Polaris da Arctic Cat kuma suka taso a jihar Minesota ta Amurka, ana ƙera Lynx a Rovaniemi ta Finlan, yayin da Yamaha ta Japan ta janye daga harkar bayan samfuranta na 2025. Duk da bambancin kamfanonin, tsarin da ke kai ƙarfin inji zuwa ƙasa kusan iri ɗaya ne a wurinsu. Direba ba ya sa giya, ba ya kuma matsa kuloci da hannu. Totur ne kawai a ƙarƙashin babban yatsansa na dama, birki kuma a hannun hagu. Dukkan ƙarfin injin, wanda a manyan samfura ya kan kai ƙarfin doki 165 ko fiye, yana bi ne ta cikin bel ɗin roba guda ɗaya wanda faɗinsa bai cika santimita 4 ba.

Wanda ya taɓa buɗe gefen ƙaramin babur ɗin sikuta marar giya ya ga ɗan'uwan wannan tsari, sai dai akwai bambanci mai muhimmanci. A sikuta, kulocin da ke kamawa ya saki yana can baya kusa da taya, bel ɗin kuma kullum a kame yake. A babur ɗin ƙanƙara bel ɗin da kansa ne ke yin wannan aiki: idan inji yana silo, bel yana zaune sakaka babu abin da ya matse shi, idan aka ba da wuta sai a cafke shi. Saboda haka duk tashin da babur zai yi daga tsaye, gefen bel ne ke shan gugar.

Kulocin guda biyu ne. Na farko yana ɗaure a bakin karanshaf, yana juyawa daidai da inji. Ya ƙunshi faifai biyu na alminiyam masu gangara zuwa tsakiya, ɗaya kafaffe ɗaya mai motsi, da sifirin da ke ture su nesa da juna, da kuma ƙarafan nauyi, galibi guda uku, waɗanda juyin inji ke wurgawa waje. Idan juyin ya kai wani mataki, wanda a injuna masu bugu biyu, wato waɗanda ke kunna wuta sau ɗaya a duk hawa da saukar fistin, ya kan faɗo tsakanin 3,000 da 4,500 a minti ɗaya, ƙarfin wurgin ya kan rinjayi sifirin, sai faifan mai motsi ya matso ya damƙe bel. Da juyin ya ƙaru sai matsin ya ƙaru, bel ya rinƙa hawa daga gindin faifan zuwa bakinsu. Kuloci na biyu ya fi girma, yana kan wani sandan ƙarfe da ke miƙa juyi ga akwatin sarƙa, daga nan zuwa shimfiɗar ƙasa. Shi faifansa a rufe suke tun farko, bel yana zaune a can bakinsu, kuma tun da tsawon bel ba ya canzawa, duk hawan da ya yi a kuloci na farko dole ya nutse a na biyu. Wannan hawa da nutsewa shi ne sauyin giya. A farkon tashi inji ya kan juya kusan sau huɗu kafin kuloci na biyu ya juya sau ɗaya, a ƙarshen gudu kuma sukan zo daidai, ko ma na biyun ya ɗan fi sauri, ba tare da wani tsalle a tsakani ba.

Abin da ya bambanta kuloci na biyu shi ne cewa nauyin kaya yake ji, ba juyin inji ba. A cikinsa akwai wani ƙarfe mai karkatattun hanyoyi da ake kira helis, wanda ƙananan rola ko maɓallan roba ke bi. Idan babur ya fuskanci tudu, ko ya afka cikin dusa mai zurfi, ko ana jan kaya da shi, turjiyar da ke zuwa daga ƙasa takan murɗa helis ɗin ya matse faifan, ya tilasta wa bel komawa sama, wato a koma ƙaramar giya ba tare da direba ya taɓa komai ba. Don haka kulocin biyu a kullum ja-in-ja suke yi, ɗaya yana neman babbar giya ɗaya yana neman ƙarama, kuma wurin da suka yi kunnen doki shi ne ke yanke yawan juyin da inji zai tsaya a kai.

A nan ne dukkan maganar daidaitawa ta ta'allaƙa. Injin mai bugu biyu yana ba da cikakken ƙarfinsa ne a wani ɗan ƙunƙuntaccen yanki na juyi, wanda a injunan da girmansu ya kai cc 800 ko 850 yake kusa da 8,000 a minti. Aikin kuloci shi ne, idan aka danne totur gaba ɗaya, allurar agogon da ke nuna juyin inji ta haura zuwa wannan adadi ta kafe a wurin, gudu kuma ya ci gaba da ƙaruwa ta hanyar hawan bel kaɗai. Idan allurar ta tsaya ƙasa da adadin da ɗari uku ko huɗu, babur zai yi nauyi, ya rinƙa nishi a tudu. Idan ta wuce, inji zai yi ta ƙara ba tare da ƙarin gudu ba, yana cin mai yana kuma gajiyar da fistin.

Mutane da yawa da suka ga allura ta kauce sukan garzaya su sayi sabon sifirin ko wasu ƙarafan nauyi, kuma a ganina nan ne mafi yawan kuɗi ke zubewa a banza. Babur ɗin da ya yi shekara biyu yana kai juyinsa daidai sannan ya daina, ba saitinsa ne ya lalace ba, wani abu ne ya ci ko ya yi datti. Sauya saiti a kan kulocin da bushinsa, wato zoben da faifai ke zamewa a kai, ya ci yana ɓoye cutar ne na ɗan lokaci. Tsarin da ya dace shi ne a fara da wanki, a bi da awo, a sauya abin da ya ci, sannan idan har yanzu akwai saura a taɓa saiti.

Wankin ba shi da wuya. Garin baƙar roba da ke zubowa daga bel yana shiga tsakanin rola da ƙarafan nauyi ya hana su motsi yadda ya kamata, ana fitar da shi da iskar kwamfiresa. Fuskar faifai kuma takan yi santsi ta ɗauki baƙin zane na ƙonanniyar roba, sai a goge ta da soson goge ƙarfe mai laushi, a bi da tsumma mai asiton ko wani abin wanki da ba ya barin maiƙo. Ba a sa giris ko mai ko kaɗan a waɗannan kuloci, domin an ƙera bushinsu su yi aiki a bushe, mai kuwa yana tara ƙura, idan ya fantsamu a bel kuma ya jawo zamewa. Bayan wankin ne ake ganin gaskiyar lamari. Rolar da ta daina juyawa takan yi fage a gefe ɗaya, ta sassaƙa rami a bayan ƙarfen nauyin da take bi, kuma duk sanda kuloci ya iso wannan ramin sai ya ɗan maƙale, direba ya ji kamar babur ya yi tuntuɓe a wani gudu na musamman. Faifan mai motsi idan aka girgiza shi ya yi lilo, bushinsa ya tafi. Sifirin kan gaji ya gajarta, ana auna tsawonsa a kwatanta da abin da littafin kamfani ya faɗa. Idan yatsa ya ji kwari a fuskar faifai kusa da gindi, inda bel ke fara kamawa, to wannan faifan zai ci gaba da cin kowane sabon bel da aka ɗora masa.

Awo na farko shi ne na saki, wato yawan lanƙwasawar bel tsakanin kulocin biyu. Ana ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a bayan bel daga wannan kuloci zuwa wancan, a danna tsakiyar bel ɗin ƙasa, a auna tazarar da ta buɗe. A samfura da yawa na Polaris da Ski-Doo adadin da ake nema kusan milimita 32 ne, ko da yake littafin kowane samfuri shi ne alƙali. Ana gyara shi ta hanyar matso da faifan kuloci na biyu ko nesanta su, da wani zoben saiti ko noti, a tsofaffin samfura kuma da ƙara washa ko rage ta. Idan bel ya yi tauri fiye da kima, babur zai rinƙa ƙugi yana neman tafiya alhali inji na silo, tayar da shi ma ya yi wuya. Idan ya saki da yawa, kuloci na farko zai kama shi a wani wuri da ya fi gindi tsawo, babur ya tashi a giyar da ta fi ƙarfinsa, inji ya dushe, bel ya zame ya yi zafi. Wannan awo ba na yi sau ɗaya a manta ba ne, domin kullum bel ƙara sirancewa yake yi, yana nutsewa cikin kuloci na biyu, sakin yana ƙaruwa. Shi kansa faɗin bel ana auna shi, kuma idan ya ragu da milimita biyu zuwa uku daga yadda yake sabo, ya gama aikinsa ko da bai nuna tsaga ba. Akwai kuma 'yar tazarar da ke tsakanin gefen bel da faifan kuloci na farko lokacin da inji ke kashe, wadda bai kamata ta kai milimita ɗaya ba. Idan ta yi yawa, faifan ya kan taho da gudu ya doki bel, babur ya yi zabura maimakon ya tashi a hankali.

Awo na biyu shi ne na layi. Dole kulocin biyu su fuskanci juna a kan tazara da karkatar da kamfani ya ƙayyade, ana kuma duba wannan da wani sandan awo da aka ƙera domin kowane samfuri. Abin da ya fi kawar da su daga layi shi ne robobin da inji ke zaune a kai. Robar da ta tsage ba lallai ta nuna komai ba idan babur na tsaye, amma da an ba da wuta sai inji ya murɗe, kuloci na farko ya karkace, bel ya rinƙa gudu a gicciye. Babur ɗin da ke cin bel a kai a kai, kuma zaren bel ɗin yana fitowa a gefe ɗaya kawai, robobin injinsa ya kamata a fara dubawa, ana ɗan ɗaga injin da sandan ƙarfe a ga ko yana motsi.

Bel ɗin da ya mutu yana faɗin abin da ya kashe shi ga wanda ya tsaya ya duba. An yi shi ne da roba mai jure zafi da zaruruwa masu ƙarfi na aramid a ciki, da haƙora a cikinsa don ya lanƙwasu, kuma babban abokin gabarsa zafi ne, zafin kuwa daga zamewa yake zuwa. Gefen da ya yi ƙyalli ya taurare alama ce ta doguwar zamewa. Wuri ɗaya da ya sirance fiye da sauran yana nuna cewa an danne totur alhali shimfiɗar ƙasa ba ta motsi, ko don ta daskare ta manne da ƙasa cikin dare, ko don babur ya kafe a dusa, ko an manta da birkin ajiya a kame, sai kuloci ya yi ta juyawa a kan wuri guda har ya ƙone shi. Irin wannan bel ya kan sa babur ya rinƙa bugu a ƙaramin gudu, kuma ba ya gyaruwa. Rabuwar roba da zare ko zubewar haƙora kuwa alama ce ta zafin da ya daɗe yana taruwa, wanda sau da yawa dalilinsa toshewar ramukan iska ne da dusa, ko doguwar tafiya da kaya masu nauyi a gudun da bai wuce inda kuloci ke fara kamawa ba.

Idan bel ya fashe a guje, aikin bai ƙare da ɗora wani ba. Zaruruwansa sukan naɗe a bayan kuloci na farko, daidai inda robar da ke toshe bakin karanshaf take, kuma idan aka bar su za su ci robar. A injin mai bugu biyu wannan babbar ɓarna ce, domin iska za ta rinƙa shiga ta wurin, mai ya yi ƙaranci a cakuɗin, zafi ya hau, fistin ya kama. Mintoci kaɗan na tsince zare da tsinken ƙarfe sun fi araha nesa ba kusa ba.

Sabon bel ma yana da ladubbansa. Ana wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu a bar shi ya bushe, don a kawar da maiƙon masana'anta. Ana kashe inji, a buɗe faifan kuloci na biyu da ɗan makullin da ke zuwa cikin kayan aikin babur, a zura bel ba tare da an ɗage shi da sukundireba ba, a kuma bi kibiyar da ke bayansa idan yana da ita, bel ɗin da ya riga ya yi aiki kuma a mayar da shi ta fuskar da ya saba juyawa. Kamfanonin suna ba da shawarar a yi kimanin kilomita 50 na farko a hankali, ana sauya gudu, ba a danne totur gaba ɗaya, har gefen bel ya zauna daidai da faifai. Abin da ke biyo bayan wannan shi ne cewa bel ɗin ajiya da ake ɗauka a tafiya ya fi kyau a riga an yi masa wannan horo tun a gida, domin ranar da za a buƙace shi, wataƙila a tsakiyar dusa mai zurfi ne inda babu damar lallaɓawa. A tseren Iron Dog na Alaska, wanda aka fara a 1984 kuma tsawonsa ya haura kilomita 3,000, mahaya suna tafiya ne bibbiyu kuma su suke gyaran baburansu, kamar yadda mafaraucin da ya yi nisa da gari a yankin Nunabut na arewacin Kanada ba shi da makanike sai kansa. A daren da sanyi ya yi tsanani akan cire bel a kwana da shi a ɗaki, domin robar da ta sandare ba ta kamawa da kyau, da safe kuma a ɗaga bayan babur a girgiza don shimfiɗar ƙasa ta saki kafin a ba da wuta.

Sai bayan duk wannan ne saiti ke da ma'ana, kuma dalilin da ya fi halatta shi shi ne sauyin wuri ko sauyin aiki. Injin da ba shi da tobo, wato na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin inji, yana asarar kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 300, saboda iska na ƙara sirancewa. Babur ɗin da aka saita a filayen Minesota idan aka kai shi duwatsun Roki na yammacin nahiyar Amurka ta Arewa, a tsawon mita 2,500 ko fiye, zai rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinsa, ƙarafan nauyin da ke cikinsa su fi ƙarfin injin, su hana shi kaiwa juyinsa. Maganin shi ne a sa marasa nauyi. Ƙa'idar a taƙaice ita ce ƙarin nauyi yana saukar da juyi, ragin nauyi yana ɗaga shi, kuma giram ɗaya ko biyu sun isa su motsa allura da ɗari ko fiye. Sifirin na kuloci na farko yana da ƙarfi iri biyu da ake dubawa, na farkon matsi wanda ke yanke juyin da za a kama bel, da na ƙarshen matsi wanda ke shafar juyin cikakken gudu. Ski-Doo ta sauƙaƙa wa masu amfani da kulocinta na TRA da wasu ƙusoshin saiti guda uku masu lamba 1 zuwa 6, kowace lamba tana sauya juyi da kusan 200, da sharaɗin a sa duka ukun a lamba ɗaya, in ba haka ba kuloci ya rasa daidaito ya rinƙa girgiza. Da kamfanin ya fitar da injin tobo mai bugu biyu a 2020, wanda ke riƙe ƙarfinsa har tsawon kusan mita 2,400, an rage buƙatar wannan sauyi ga masu hawan dutse.

A kuloci na biyu, helis mai tsananin gangara yana barin bel ya haura babbar giya da sauri, yana ɗora wa inji nauyi ya saukar da juyi, abin da ya dace da shimfiɗaɗɗiyar hanya mai tauri. Mai sassaucin gangara yana riƙe bel da ƙarfi ya kuma dawo ƙaramar giya da wuri, abin da mai hawan tudu ko mai jan kaya ke buƙata. Sifirin mai tauri a nan yana hana zamewa, amma idan ya wuce kima shi ma zafi yake haifarwa ya kuma rage gudun ƙarshe. Tun da kowane ɗayan waɗannan yana shafar sauran, ana sauya abu ɗaya ne kawai a lokaci guda, a gwada a wuri ɗaya da irin dusa ɗaya, a rubuta abin da allura ta nuna. Bayan gwaji akan kashe inji a taɓa faifan kulocin biyu, kuma wanda ya fi zafi, wanda hannu ba ya iya daɗewa a kansa, a nan bel ke zamewa. Ya kamata a tuna cewa sarƙar da ta yi tauri a akwatinta, ko shimfiɗar ƙasa da aka ɗaure fiye da kima, ko boris da ya fara ci, duk suna saukar da juyi kamar yadda nauyin ƙarafa ke yi, ba tare da kuloci yana da laifi ba.

Buɗe kulocin kansa aiki ne mai haɗari ga wanda ba shi da kayan aikinsa. Na farko a matse yake a kan bakin karanshaf mai tsini, ana ciro shi ne da wata doguwar ƙusa ta musamman da ke tura shi waje, dukansa da guduma kuwa yana iya lanƙwasa karanshaf ko ya lalata boris ɗinsa. Sifirin ɗin ciki a danne yake da ƙarfin da zai iya harba murfi a fuskar mutum. Sassan suna da alamun da masana'anta ta buga lokacin da ta daidaita nauyinsu, dole a mayar da su suna fuskantar juna, a kuma ɗaure babban notin da sifana mai auna ƙarfi daidai da littafi. Ba a ba inji wuta idan babu bel ko babu murfin kariya, domin kulocin da ba shi da kaya yana iya wuce iyakar juyinsa ya tarwatse. Idan babur ya mutu a daji za a ja shi da wani, ana cire masa bel tukuna don kada shimfiɗar ƙasa ta rinƙa juya kulocin, idan kuma lokacin ƙanƙara ya wuce za a ajiye shi na watanni, ana cire bel a adana shi a kwance a wuri mai sanyi inda rana ba ta kaiwa, don kada ya sandare da siffar kulocin ko ya bar tsatsa da tabo a fuskar faifai.